Ranar da aka kai Babe Ruth ɗakin gwaji

Wata rana a 1921, ana tashi daga wasa a filin Polo Grounds na birnin New York, ɗan jarida Hugh Fullerton ya ja Babe Ruth zuwa Jami'ar Columbia, ko kayan wasa bai tuɓe ba. Ruth gwanin besbol ne a ƙungiyar Yankees, wasan da ake wurgo wa mutum ƙwallo ya maka mata gora. A kakar wannan shekara sau 59 ya yi irin bugun nan da ke ba mutum damar zagaye fili ya dawo gida. Mutanen gari suka ce baiwa ce. Fullerton ya so a auna baiwar.

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Albert Johanson da Joseph Holmes, suka zaunar da shi. Suka sa ya danna maɓalli da zarar fitila ta kama, ya karanta haruffan da ake walƙa masa cikin ƙiftawar ido, ya riƙa zura tsinken ƙarfe cikin ramuka a kan allo, ya wulwula gorar da aka ɗaura wa waya. Mujallar Popular Science Monthly ta buga sakamakon a watan Oktoba: idonsa da kunnensa da hannunsa duk sun fi na yawancin mutane sauri.

Sai dai labarin ya tsallake wani abu. Tun yana ɗan shekara bakwai aka kai Ruth makarantar horon yara ta St. Mary's a Baltimore, inda wani malami, Brother Matthias, ya ɗora shi kan wasan shekara da shekaru. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana koyon dambe a dandali ya san hannu ba ya faɗowa daga sama.

A wancan zamani ba na'urar leƙa ƙwaƙwalwar mai rai dalla-dalla. Da aka same ta, magana ta sauya. A 2004, Bogdan Draganski da abokan aikinsa a Jamus suka koya wa mutane cilla ƙwallaye uku suna caɓewa. Bayan wata uku, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai bin abin da ke motsi ya ƙara kauri. Da suka daina, ya fara komawa. A 2014 kuma, a Japan, aka sa ɗan ƙwallon ƙafa Neymar ya juya idon sawunsa cikin na'ura, aka ga sashen da ke sarrafa ƙafarsa bai wahala kamar na sauran 'yan ƙwallo. Gwani, ashe, ƙwaƙwalwarsa tattali take yi.

Tambayar ta sake komawa Columbia wajen shekara 90 bayan Ruth. Jason Sherwin da Jordan Muraskin suka kifa wa 'yan wasa hula mai wayoyi, suna nuna musu ƙwallo a allon kwamfuta. Daga mai jifa zuwa mai bugu tazarar mita 18 ce da 'yan kai, ƙwallon tana cinye ta cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Abin da suka gani ya bambanta ƙwararre da ɗan koyo har da iya riƙe hannu, wato ƙwaƙwalwa ta ce kar a buga. Wannan kam Johanson da Holmes ba su auna ba, kuma Ruth sau 1,330 mai jifa ya kore shi daga wurin bugu a tsawon rayuwarsa ta wasa.