Zaga Gumel da Ƙafa: Yadda Kanwa da Iyaka Suka Tara Jama'ar Lautai

Baƙon da ya sauka Kano ya ce a zaga da shi gari, ba a shan wahalar tsara masa hanya. A hau da shi Dala ya hango birni, a gangaro Kurmi, a ratsa Gidan Makama, a ƙare a marinar Ƙofar Mata, kafin la'asar ya cika wayarsa da hotuna. Haka Damagaram, ga fadar sarki a Birni, ga tsofaffin gidajen fatake a Zango. To in Gumel baƙon ya nufa fa? Na sha jin 'yan garin da bakinsu suna cewa ai babu abin gani sai fada da kasuwa. Ni kuwa a ganina fadar da kasuwar sun ishi mutum yini cur, muddin mai rakiyar ya san abin da zai faɗa duk inda aka tsaya. Mafi yawan tarihin Gumel yana cikin sunayen sarautu da bakin dattawa, ginin ƙasa kuwa damina ba ta barinsa ya tsufa.

A fara da ƙofar fada, da hantsi, lokacin da dogarai suka fito. Abu na farko da ya kamata baƙo ya kasa kunne ya ji shi ne kalmar Mai. Sarakunan Gumel da ita aka san su, kuma kalmar Barebari ce, irin wadda sarakunan Barno suka yi amfani da ita ɗaruruwan shekaru. Ɗan sarki Maina ne, mai unguwa a ƙauyuka da yawa Bulama ne. Kai, ko Galadima da Ciroma da Yarima da duk ƙasar Hausa ta mayar nata, daga Barno suka zo, sai dai a Gumel ba su yi doguwar tafiya ba. Galadiman Barno, wanda yake kula da yammacin daular, a Nguru yake zaune, nan gabas kaɗan.

An kafa masarautar ne wajen 1750. Wanda ya kafa ta shi ne Ɗan Juma, tare da jama'arsa Mangawa, wato 'yan uwan Barebari da suke zaune daga arewacin Yobe har cikin Nijar ta yau. Ya rasu a 1754, ba a daɗe ba kuma ƙasar ta shiga bin Barno tana kai gaisuwa. Wannan bin shi ne ya bambanta ta da maƙwabtanta bayan shekara hamsin. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, Kano ta faɗi, Katsina da Daura da Zazzau suka faɗi, Haɗeja ta karɓi tuta, daga baya Kazaure ta tsiro. Birnin Ngazargamu kansa, fadar Barno, an ci shi a 1808. Amma Gumel ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Yau a cikin masarautu biyar na Jigawa, wato Dutse da Haɗeja da Kazaure da Ringim da Gumel, ita kaɗai ce gidan sarautarta bai fito daga jihadi ba. Mutumin Gumel in yana ji da kansa ya ce maka shi ɗan Lautai ne, wato sunan da ake yi wa Gumel kirari da shi, wannan tarihin yake tunawa, ko da bai iya jero shekarunsa ba.

Daga nan sai mai rakiya ya juya da baƙo ya fuskanci arewa, ya gaya masa cewa fadar da yake kallo ba ita ce ta farko ba. Sarautar ta zauna a Tumbi, kimanin kilomita 30 daga nan, kafin Mai Muhammadu Ɗan Tanoma, wanda ya hau a 1828, ya dawo da ita Gumel wajen 1845. Tumbi tana nan, amma sai ka tsallaka iyaka ka shiga Jamhuriyar Nijar kafin ka gan ta. Za mu dawo kan yadda aka yi haka ta faru.

Yanzu a gangara kasuwa. A nan ne zan so a daɗe, ko da rana ta take, domin a nan ne amsar tambayar take: me ya tara Bahaushe da Babarbare da Bamange da Bafulatani da Buzu a gari ɗaya, a ƙasar da babu kogi babu dutse? Kanwa ce.

A watan Maris na 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Kano zuwa Kukawa, ya yada zango a Gumel. Ɗan Tanoma na kan gado a lokacin, tsufa ya kama shi. Barth ya shiga kasuwa ya ga tufafi da kayan ƙira da tukwane, ga shanu da tumaki da jakuna, ga hatsi. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tulin kanwa. Ya rubuta cewa Gumel ce babbar mahaɗar cinikin kanwa tsakanin Kukawa da Muniyo a gefe guda, da ƙasar Nufe a ɗaya gefen, kuma mutanen Barno ba su cika wuce Gumel da kayansu ba. A nan suke saukewa, fataken Hausa su ɗauka su yi gaba.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce mabuɗin komai. Gumel ita ce babban garin Barno na ƙarshe in ka nufi Kano, kuma na farko in ka fito daga can. Babarbare da ya kora takarkarinsa tun daga bakin Tafkin Cadi ko fadamun Mangari yana cikin ƙasar sarkinsa har ya iso nan, in ya ƙara taku kuma ya shiga hannun wasu. Bakano ma haka. Saboda haka kowa ya tsaya a bakin nasa, aka buƙaci wanda zai tsaya a tsakiya: fatoma mai masauki, dillali mai jin harshe biyu, mai awo, mai abinci, malamin da zai rubuta shaidar bashi. Irin waɗannan mutane ba su komawa gida in ayari ya tashi. Su ne suke yin aure, su kafa unguwa, jikokinsu su tashi da Hausa a baki da zanen Barebari a fuska.

Yaran yanzu za su yi mamakin a ce kanwar da uwa take aiken su sayowa ta naira ɗari ita ce ta gina gari. To a wancan zamani kowa na bukatarta. Makiyayi na ba dabbobinsa, mai cin taba na haɗa ta da garin taba, marini da majemi da mai sabulu duk suna nema, ga kunun kanwa na maijego, ga wake da miyar yauƙi, ga maganin ciki. Fataken goro da ita suke tafiya Gwanja su yi musaya. In kana son shaidar nisan da ta yi, ka tambayi Bayarabe sunanta zai ce maka kaun, Ibo kuma ya ce akanwu. Sunan ya bi kayan har bakin teku.

Akwai wani ɗan labari na zaman Barth a nan da nake jin daɗin ba wa baƙo. Mutumin ya yi wata goma bai ji ɗuriyar gida ba, aljihu ya bushe. Yana zaune a masauki sai ga wani Balarabe mutumin Sokna, a Libiya ta yau, wanda ya iso da ayari daga Murzuk, ya miƙa masa tarin wasiƙu daga Tarabulus da Ingila da Jamus. Wasiƙar da aka rubuta a Turai ta ratsa hamada a bayan raƙumi ta sami mai ita a Gumel, shekara 170 da wani abu da suka wuce. Duk wanda yake ɗaukar garin a matsayin lungu, wannan ya ishe shi.

Sai dai zaman iyaka riba da hasara tare suke tafiya. Barth ya sake biyowa ta nan a ƙarshen 1854, bayan ya dawo daga Tambutu, ya tarar da garin da ya bari cike da hada-hada ya zama kusan kufai. Ɗan Tanoma ya rasu, rikicin gado ya tashi, sunan Ceri, ɗaya daga cikin masu neman gadon, ya cika ƙasar, wuta ta ci gidaje. Shekara uku da 'yan watanni kacal tsakani. Kuma wannan na cikin gida ne. Daga waje akwai Haɗeja, wadda a zamanin Sarki Buhari ko Sakkwato ba ta iya tanƙwara ta ba, aka yi ta gwabzawa da ita har aka kashe Mai Abdullahi a fagen fama a 1872. Daga arewa ga Damagaram, ita ma mai bin Barno ce a suna, amma tun zamanin Sarki Tanimu ta tara bindigogi har da igwa ta fi ƙarfin kowa a yankin. Hare-haren kamun bayi da ta riƙa kawowa a ƙarshen ƙarnin sun rage jama'ar ƙasar Gumel ƙwarai. Uwar ɗakin da za a kai wa kuka kuwa, Barno, Rabe ya murƙushe ta a 1893.

A wannan gaɓar yana da kyau a nemi wani dattijo a cikin tsohon gari, a durƙusa a gaishe shi, a ce, "Baba, don Allah a nuna mana inda ganuwa ta bi." Kada a yi gaggawa. Zai fara da kakansa, ya ratsa ta wata rijiya da wata tsamiya, amma zai kai ka.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, Mai Ahmadu ya miƙa wuya ba tare da yaƙi ba, aka sa Gumel cikin Lardin Kano. Haɗeja ta ƙi, aka ci ta da yaƙi a 1906, aka kashe sarkinta. Akwai masu ganin na Haɗeja ya fi jarumta. Ni dai ba na ganin laifin Ahmadu. Sarkin da ya gaji ƙasar da aka shekara saba'in ana yi mata ɗauki ɗai-ɗai, da wa zai fita yaƙin?

Abin da Turawa suka yi wa Gumel da alƙalami ya fi wanda za su yi da bindiga. Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka yi yarjejeniyoyi a 1898 da 1904 da 1906 kan inda ƙasar wannan za ta tsaya ta wancan ta fara, sannan jami'ansu suka bi daji suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Layin ya bi ta arewacin Maigatari, Tumbi ta faɗa hannun Faransa. Gida ɗaya, wa ya tashi da boko na Ingilishi da sule, ƙane ya tashi da lakwal da tamma. Tsohuwar iyakar Barno da Sakkwato ta mutu, aka haifi sabuwa, ta matsa arewa da 'yan kilomitoci.

Sannan jirgin ƙasa ya zo ya ƙarasa. Layin dogo da aka ja daga Kano ya isa Nguru a 1930, amma bai bi ta cikin Gumel ba, ta kudu ya ratsa, ta Gagarawa. Shi ya sa har yau ake da Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Kayan gabas da a da sai sun kwana a Gumel suka koma shiga tarago tun daga Nguru, gyaɗa ta zama sarauniya, 'yan awo da akawuna suka koma bakin tasha. Garin sarki ya zauna da sarautarsa da ofisoshin En'e. Abin da ya sake kawo masa baƙin fuska shi ne makarantar horon malamai da aka buɗe a 1976, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa bayan an yanki jihar daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Ɗalibai da malamai da 'yan bautar ƙasa su ne fataken yanzu. Gidan sarauta kuwa bai cika canji ba: Muhammadu na Kota daga 1915, Maina Muhammadu daga 1944, sai Mai Martaba Alhaji Ahmad Muhammad Sani da ya hau a farkon shekarun 1980. Sarakuna uku a fiye da shekara ɗari.

Ƙafa ta yi iyakar ƙoƙarinta a nan, sauran sai mota. Kasuwar da Barth ya gani ba ta mutu ba, ƙaura ta yi ta bi iyaka, kamar yadda kaska take bin saniya. Tana Maigatari, tana ci ran Alhamis. Shiga kara ka gani: raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar har da na Cadi, Buzu da rawaninsa, Batube, Bafulatani da sandarsa, ga Bayarabe da Ibo sun zo da tirela za su loda zuwa Legas da Fatakwal. A tsakiya ga dillali nan yana riƙe da hannun mai saye da na mai sayarwa yana jiran la'adarsa, ɗan canji na juya naira da sefa. Aikin kakanninsu ne, kaya ne kawai suka sauya. Riɗi da zoɓon da manoman Sule Tankarkar da Gagarawa da ƙauyukan Maigatari suke kawowa sun maye gurbin kanwa wajen nisan tafiya, don zoɓon Jigawa har Meziko ake sha.

Hasarar zaman iyaka ma ba ta sauya ba. Da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, Maigatari ta ji a jikinta, har sai Disambar 2020 da aka buɗe ta cikin iyakoki huɗu na farko, tare da Seme da Illela da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai, a tukunyar mai tuwon bakin kara take fara bayyana.

Roƙona ga majalisar masarauta da malaman tarihi na kwaleji shi ne su haɗa kai su zauna da dattawan da suka rage, a rubuta sunayen unguwanni da asalin kowacce, a kafa alluna da Hausa a ƙofar fada da kasuwa da inda ganuwa ta bi, a koya wa samari goma yadda ake raka baƙo. Kai kuma mai karatu, in za ka zo, ka taso daga Kano ran Laraba da sassafe, kilomita 120 ne. Ka yini a Gumel da ƙafa, ka kwana, gari na wayewa ka wuce Maigatari kafin a fara lodin shanu.