A-kori-kura a GRA ta Katsina: Jiya da Yau

'Yan'uwa mazauna Legas, Abuja da Kaduna, wanda duk ya tashi a GRA ba zai manta da a-kori-kura a gindin darbejiya ba. Turawan mulki ne suka keɓe unguwar domin jami'ansu, bayan samun 'yancin kai a 1960 manyan ma'aikatanmu suka gaje ta. Sai dai Bakatsine, komai muƙaminsa, ba ya rabuwa da gona.

Da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙirar 404 mai buɗaɗɗen baya, daga bisani 504, ta maye gurbin jaki. Da bazara ta kai taki Batsari ko Dutsin-Ma, da kaka ta dawo da buhunan gero da dawa, da Sallah ta ɗauko ragon layya. A 1978 litar fetur ba ta kai kwabo 16 ba, don haka babu mai lissafin shan mai.

Janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sauya lissafin, har lita ta haura naira 1,000 a 2024. Ƙaramar mota mai tsimin mai ta fi dacewa da zirga-zirgar ofis, wannan gaskiya ne. Amma ba ta ɗaukar buhu goma. Iyayenmu da buhu suke auna mota, mu kuwa da lita. Kafin ɗayanmu ya sayi mota, ya fara tambayar kansa: gonar gado, wa zai riƙa zuwa?