Kifin estirjon: abin da yunwa ke yi wa jikinsa, da abin da ke faruwa in abinci ya dawo

Wannan kifi ba za ku same shi a tafkin Madarunfa ko na Tabalak ba. Kifin ƙasashen sanyi ne, gidansa tekun Kasfiyan da manyan kogunan Rasha, Sin, Turai da Amurka ta Arewa. Faransawa ke ce mishi estirjon, kuma yana da iri wajen 27. Ƙwansa ne ake gyarawa da gishiri a sayar da sunan kabiyar, abincin masu hannu da shuni. Yawan kamu ya kusa ƙarar da shi, shi ya sa tun 1998 cinikinsa tsakanin ƙasashe ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Yanzu galibi kiwonsa ake yi, ƙasar Sin ce kan gaba, sai irin su Italiya da Faransa. A Afirka ma akwai gonarsa a tafkin Mantasoa na Madagaska.

Kiwon nan sai mai haƙuri. Macen irin Saberiya takan yi shekara 7 zuwa 8 tana ci kafin ta yi ƙwan da za a sayar, kuma abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗɗin mai gona. Ga dalilin da ya sa masana suka duƙufa kan tambaya guda: in an ɗauke mishi abinci na ɗan lokaci, me zai faru?

Kifi ba ya ƙona abinci don ɗumama jikinsa kamar akuya ko kaza, don haka yana jure yunwa sosai. Da farko yakan taɓa sukarin da ya ɓoye cikin hanta. Daga nan ya koma kan kitse. Hanta ta ƙanƙance, hanji ya tsuke, ruwan da ke narkar da abinci ya ragu, shi kuma ya rage kai da kawowa. In yunwa ta yi tsawo sai jiki ya soma cin tsokarsa, kuma nan ne asara take, don ƙarfinsa na kare kansa daga ciwo ma raguwa yake yi.

To in an maido da abinci fa? Duk wanda ya ga saniya ta rame da rani, damina ta faɗi ta murmure cikin 'yan makonni, ya san zancen. Kifin yakan ci fiye da yadda ya saba, ya yi girma da sauri kamar mai biyan bashi. In hanin na 'yan kwanaki ne, sau da yawa yakan kamo 'yan uwansa da ba a hana ba. In ya daɗe, sai ya biya rabi, sauran ya bi ruwa. Ƙanana sun fi shan wuya, tunda ba su da ajiya. Kuma ba a cika mishi ciki rana ɗaya. Hanjin da ya huta sai an bi shi sannu a hankali.

Akwai hanin da ake yi da gangan. Kafin a cire ƙwai, akan kai mace cikin ruwa mai sanyi da tsabta, a bar ta ba ci har wata guda ko fiye, don warin taɓo ya fita daga jikinta. Ƙwan da ke ɗauke da wannan wari ba ya yin daraja a kasuwa. Haka kafin tafiya da kifi a mota akan tsaida abinci kwana ɗaya ko biyu, kar kashinsa ya ɓata ruwan.

Masu kiwon tarwaɗa a nan wajenmu sun san wannan dabara ta ƙarshe. Amma kar wani ya ji labarin estirjon ya ce zai rage kashe kuɗɗi da doguwar yunwa. Ruwanmu da zafi yake, kifi na ƙone ajiyarsa da wuri, kuma tarwaɗa in ta ji yunwa, babba kan ƙaramar take juyawa ta haɗiye ta.