Tsofaffin injinan tsaga katako

1/ Jama'a, kakanninmu a ƙasar Ɗambatta da azarar giginya suke rufi, masassaƙi kuma gizagonsa ya ishe shi.

2/ Sai bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 katakon Kudu ya samu hanya. Injinan tsaga suka biyo baya, irin su Wadkin, kamfanin Ingila da aka kafa a 1897.

3/ Ni abin da ke damuna ke nan. Gangar jikin irin injin nan zubin ƙarfe ce, da wuya ta lalace. Boris da bel ke mutuwa, akwai su a Ƙofar Ruwa. Koyil in ya ƙone, a sake naɗawa.

4/ Amma 'yan gwangwan a kilo suke sayensa, su farfasa. Kafintan ƙauye kuwa sai ya tafi Na'ibawa.