Isawa da Alkawarin da Suka Jira

Idan kana zuwa coci a nan Greensboro, ka sha jin wani ya miƙe ya ce Ubangiji ya yi masa magana, ko ya nuna masa abu a mafarki. Wataƙila ka ɗauka wannan al'adar Amurka ce. Ba haka ba ne. Kiristancin Hausawa kansa yana da saiwa a irin wannan magana, tun kafin 'yan mishan su taka Kano.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau karaga a 1855, an yi wani malami mai suna Ibrahim. Ba mishan ya gani ba. A cikin Alƙur'ani ya yi ta bin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, yana zurfafa tunani, har ya kai ga ba shi matsayin da malaman fada ba su yarda da shi ba. Aka ce ya janye, ya ƙi. Aka tsire shi a kasuwa. Almajiransa suka watse, wasu duwatsun Ningi, wasu ƙauyukan ƙasar Zazzau. Su ne ake kira Isawa.

Abin da suka riƙe shi ne wasiyyar da suka ce ya bari: wata rana wani zai zo da cikakken labarin Isa. To, ka duba nauyin da wannan ya ɗora musu. Baƙo ya zo da littafi, ta yaya za ka san shi ne? Turawan da suka ci ƙasar a 1903 ma ai da littattafansu suka zo.

Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, amma sai a 1913 mutanen Isawa suka zo wurinsa. Shekara takwas! Ba su ruga ba. Suka zo, suka saurara, suka koma gida da labari, jama'a ta auna. A ganina nan darajarsu take: ba mutum ɗaya ya yanke ba, kuma ba a dare ɗaya ba. Wasiƙar Yohanna ta fari, sura 4, ta yi gargaɗin a gwada duk mai cewa daga Allah yake, su kuwa sun yi hakan tun ba su karanta ta ba. Kuma ba duka suka gamsu ba. Wasu sun tsaya kan tafarkin kakanninsu, ba su shiga coci ba.

Waɗanda suka karɓa suka kafa ƙauye a Gimi. Nan fa gwaji na biyu ya zo, wanda ya fi na farko zafi. Wurin na da ƙudan tsando, ciwon barci ya shiga, cikin 'yan shekaru ya kwashe mutane da yawa, ƙauyen ya tashi. Wanda ke auna nufin Allah da nasara, a ranar zai ce an yi ɓatan kai. Su dai da suka tsira suka binne nasu, suka koma Zariya, daga baya Wusasa, inda mishan ta ƙaura wajen 1929.

Daga zuriyarsu aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan Malam Bulus Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Amma iyayen da suka haƙa kaburbura a Gimi ba su ga wannan ba lokacin da suka yanke shawarar ci gaba.