Ofishin da Ya Zarce Fada: Tarihin Victoria Terminus

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin ginin nan mai ƙatuwar kubba da agogo a goshinsa, a tsakiyar birnin Mumbai. Yawancin mutane tashar jirgin ƙasa suka ɗauke shi, alhali babban ginin da ke gaba ofis ne. An gina shi domin ya zama hedikwatar kamfanin Great Indian Peninsula Railway, wanda jirginsa na fasinja na farko a Indiya ya tashi daga wannan wuri, Bori Bunder, zuwa Thane a ranar 16 ga Afrilu, 1853.

Kuɗin auduga ne ya ɗaga Bombay, kamar yadda ake kiran birnin a lokacin. Yaƙin basasar Amurka ya sa masaƙun Ingila suka koma sayen audugar Indiya, buɗe mashigin Suez a 1869 kuma ya gajarta hanyar zuwa Turai. Kamfanin ya so ofis da zai dace da wannan arziki. Frederick William Stevens ya zana ginin, aka fara aiki a 1878, aka shafe kimanin shekara goma. A 1887 aka raɗa masa sunan Sarauniya Victoria, shekarar da ta cika hamsin a kan mulki.

Ginin kansa sanarwar iko ne. Tsarinsa na manyan majami'un Turai ne, amma kubbobinsa da faffaɗan barandarsa sun ɗauko daga fadojin Indiya da zafin ƙasar. Ɗaliban makarantar zane ta Sir J.J. sun sassaƙa dawisu da birai da furanni a jikin duwatsunsa. A bakin ƙofa akwai zaki mai wakiltar Birtaniya da damisa mai wakiltar Indiya.

Bayan samun 'yanci a 1947, Indiya ta fuskanci tambayar da ke gaban duk ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka: me za a yi da abin da mai mulkin ya bari? Ta sauke mutum-mutumin sarauniyar, a 1996 ta sauya sunan zuwa Chhatrapati Shivaji, sarkin Maratha, amma ba ta rufe ofisoshin ba. Har yau hedikwatar Central Railway ce a ciki, kuma UNESCO ta sanya ginin cikin kayan tarihin duniya a 2004. Abin da ya kare shi daga zama kango shi ne ma'aikatan da ke buɗe tagoginsa kowace safiya.