Tallafin korona ga manoman Najeriya: Kyauta ce ko bashi?

Annobar korona ta riski manoman arewacin Najeriya a mawuyacin lokaci. An sanya dokar kulle a Kano a watan Afrilun 2020, daidai lokacin da masu noman rani ke kwashe tumatir da albasa, masu noman damina kuma ke sharar gona. Ko da yake dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ba ta shafi motocin abinci ba, shingayen hanya sun jinkirta su, kayan gwari suka riƙa ruɓewa kafin su isa kasuwa.

Gwamnati ta sanar da matakai da dama, jama'a kuma suka haɗa su duka ƙarƙashin suna ɗaya: tallafi. Amma ba iri ɗaya ba ne.

Hatsi da taki

Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati domin raba wa mabuƙata. An kuma rage farashin buhun takin gwamnati daga naira 5,500 zuwa 5,000. Wannan kyauta ce da rangwame, babu abin da ake biya daga baya.

Rancen Babban Banki

A watan Maris na 2020 Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 domin magidanta da masu ƙananan sana'o'i, ciki har da manoma, ta hannun bankin NIRSAL Microfinance, da kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100. Ta intanet ake nema, kuma sai mai asusun banki da lambar BVN, sharaɗin da ya bar ƙananan manoma da yawa a baya.

Wasu da suka samu sun ɗauka rabonsu ne daga arzikin ƙasa. Daga bisani bankin ya fara cire kuɗinsa daga asusun da suke da shi a wasu bankuna, bisa tsarin GSI da ya halatta hakan.

Shirin NG-CARES

A watan Disambar 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin wannan shiri, inda aka ware wa kowace jiha dala miliyan 20. Ɓangaren noma ya bi ta ofisoshin Fadama, waɗanda suka raba iri da taki da dabbobi da injinan sarrafa amfanin gona, tare da gyara hanyoyin karkara. Jiha ce ke fara kashe kuɗinta, sai an tantance aikin a mayar mata. Manomi ba ya biya, amma bashi ne a kan gwamnati, kuma kafin a amince da shi daminar 2020 ta riga ta wuce.

A Amurka kuwa, gwamnati ta ware dala biliyan 16 a watan Afrilun 2020 domin biyan manoma kai-tsaye, bisa lissafin amfanin gona da dabbobin kowannensu. Irin wannan biya na buƙatar cikakkiyar rajistar manoma, abin da Najeriya ba ta da shi a lokacin. Shi ya sa tallafinta ya bi ta bankuna da ƙungiyoyi da kwamitoci, inda wanda sunansa ba ya cikin jeri bai ga komai ba.